Ragowar Yuraniyom a Fagen Yaƙi: A Wuyan Wa Nauyin Kawo Hujja Ya Rataya?

Ragowar yuraniyom ita ce abin da ke saura bayan an tace ma'adinin yuraniyom domin samar da makamashin tashoshin lantarki na nukiliya ko haɗa bam. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa gauraye yake da nau'o'i daban-daban, kuma nau'in da ake nema, wanda masana ke kira U-235, kimanin kashi 0.7 cikin 100 ne kawai, sauran kuwa kusan duka U-238 ne. Idan masana'antar tacewa ta zare abin da za ta iya zarewa, sai a bar tarin ƙarfe wanda U-235 ɗin cikinsa ya ragu zuwa kashi 0.2 ko 0.3, kuma ƙasashen da ke da irin waɗannan masana'antu sun tara shi har ya haura tan miliyan ɗaya, suna neman inda za su kai shi. Ƙarfin tururin nukiliyar da yake fitarwa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fita daga jikinsa ba tare da ido ya gan su ba, kimanin kashi 60 cikin 100 ne na abin da yuraniyom ɗin asali ke fitarwa, sai dai lokacin da U-238 ke ɗauka kafin rabinsa ya ƙare ya kai shekara biliyan huɗu da rabi, saboda haka duk inda ya zuba ya zuba ke nan, matuƙar ba a je an kwashe shi ba.

Abin da ya ja hankalin sojoji a kansa shi ne nauyinsa, domin ya kusa ninka dalma sau biyu, sannan yana da wasu halaye biyu da suka sa babu kamarsa wajen huda sulken tankar yaƙi. Idan tsinin harsashin ya daki ƙarfe, gefensa ne ke ɓarewa yana zubewa, sai bakinsa ya ci gaba da kaifi maimakon ya dakushe kamar yadda na ƙarfen tangistin ke yi, kuma ɓarɓashin da ke tashi yana kamawa da wuta da kansa, ya ƙone duk abin da ke cikin tankar. Babu abin fashewa a cikinsa, kuma babu wata alaƙa tsakanin yadda yake aiki da yadda bam ɗin nukiliya ke tashi. Ga shi kuma da araha, tun da shara ce da masu ita ke kashe kuɗi wajen adanawa.

An fara amfani da shi da yawa a yaƙin Tekun Fasha na 1991, inda Amurka da Birtaniya suka harba kimanin tan 300 a Kuwait da kudancin Iraƙi, mafi yawansa daga jirgin yaƙi samfurin A-10 mai harsashi na milimita 30, sauran daga tankoki irin su Abrams da Challenger. Ƙungiyar tsaro ta NATO ta harba harsasai kimanin 10,800 a Bosniya a 1994 da 1995, da kimanin 31,000 a yaƙin Kosobo na 1999, sannan aka sake amfani da shi a mamayar Iraƙi ta 2003, da kuma Siriya a 2015.

Fahimtar illarsa ga jiki tana buƙatar a bambance ƙarfen da ke ajiye da ƙurar da ke tashi. Tururin da yuraniyom ke fitarwa mafi yawansa nau'in da ake kira alfa ne, wanda fatar mutum ko takarda ɗaya ke iya tarewa, don haka wanda ya wuce ta gefen harsashin da ke yashe a ƙasa bai cika fuskantar wani haɗari ba. Amma idan harsashin ya daki sulke ya ƙone, wani ɓangare nasa yana zama ƙura mai laushin gaske wadda ake iya shaƙa ta shige can cikin huhu, kuma wadda ba ta narkewa da sauri takan zauna a nan shekaru tana buga ƙwayoyin halittar da ke kewaye da ita, alhali a cikin jiki babu fatar da za ta tare. Wadda ta narke kuwa tana bin jini ta taru a ƙoda da ƙashi, kuma a nan gubarsa irin ta ƙarfe mai nauyi ce, dangin ta dalma, wadda masana da dama ke ganin ta fi tururin zama abin tsoro ga ƙoda. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙwayoyin halitta da dabbobi, ciki har da na Alexandra Miller a wata cibiyar bincike ta rundunar sojin Amurka kanta, sun nuna cewa yana iya lalata ƙwayoyin gado, wanda shi ne matakin farko na hanyar kamuwa da cutar daji. Har zuwa nan babu wata jayayya mai ƙarfi tsakanin masana. Inda aka rabu shi ne a kan yawan abin da ke shiga jikin mutane a zahiri, da kuma ko ya isa ya haifar da cutar da za a iya gani a ƙididdiga.

Ƙasashen da ke amfani da makamin sun fi dogara da binciken da aka yi a kan tsoffin sojojinsu. Tun 1993 asibitin tsoffin sojoji na birnin Baltimore yake bibiyar lafiyar wasu sojojin Amurka da 'yan uwansu suka harba bisa kuskure a 1991, waɗanda wasunsu har yau akwai gutsattsarin ƙarfen a jikinsu, kuma duk da cewa ana ganin yuraniyom da yawa a fitsarinsu, ba a samu wata babbar illar ƙoda ko yawaitar cutar daji a cikinsu ba. A 2021 kuma Randall Parrish da Robert Haley sun wallafa sakamakon gwajin fitsari mai tsananin ganowa, wanda ya nuna cewa ba wannan ƙarfe ne ya haddasa tarin cututtukan da ake kira ciwon yaƙin Tekun Fasha ba. Waɗannan sakamako na gaskiya ne, kuma duk mai neman a hana makamin da ya yi kunnen uwar shegu da su ya raunana hujjarsa da kansa. Sai dai mutanen Baltimore ba su kai ɗari ba, dukansu kuma manya ne da aka tantance lafiyarsu kafin a ɗauke su aikin soja, suna samun kulawar likita a kai a kai, kuma sun bar fagen yaƙin cikin 'yan watanni. Rukuni ƙarami irin wannan ba ya iya nuna ƙaruwar cutar da dama can ba ta cika faruwa ba, kuma ba ya cewa komai game da yaron da ke wasa a cikin ƙonanniyar tanka shekara da shekaru, ko mai juna biyu da ke shan ruwan rijiyar da ke kusa. Ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, a rahotanninta na 2001 da 2002, ta ce haɗarin ƙarami ne ga yawancin sojoji, amma ta ware waɗanda ke cikin motar da aka harba da masu aikin share ta, ta kuma nuna damuwa a kan yaran da ke wasa a irin waɗannan wurare, ta nemi a riƙa gwada ruwan sha na dogon lokaci.

Su kuwa farar hular Iraƙi, waɗanda su ne suka fi kowa zama da wannan ƙura, su aka fi ƙarancin bincika. Likitocin Basra sun fara kokawa tun tsakiyar shekarun 1990 a kan yawaitar cutar daji da haihuwar jarirai da tawaya, kuma wani bincike da aka wallafa a 2010 a mujallar lafiyar jama'a ta Amurka ya nuna cewa sankarar jini a tsakanin yaran Basra ta ninka fiye da sau biyu daga 1993 zuwa 2007. Binciken bai ɗora laifin a kan yuraniyom ba, kuma ba zai iya ba, domin yankin ya sha hayaƙin rijiyoyin mai da aka cinna wa wuta, da makamai masu guba na yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, da dalma da sauran ƙarafan harsasai, da ƙarancin abinci na shekarun takunkumi, takunkumin da shi ne kuma ya gurgunta asibitoci da rajistar masu cutar daji wadda da ita za a kwatanta jiya da yau. A 2013 Ma'aikatar Lafiya ta Iraƙi, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar da taƙaitaccen sakamakon binciken gidaje kimanin 10,800 a gundumomi 18, ta ce ba ta ga hujja bayyananniya ta yawaitar tawayar haihuwa fiye da ƙima ba. Masana da dama sun soki aikin saboda ya dogara ne da abin da iyaye mata suka tuna maimakon takardun asibiti, kuma tun farko ba a tsara shi don ya duba alaƙa da yuraniyom ba. Wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a Iraƙi, wanda mujallar BMJ Global Health ta wallafa a 2021, ya gano cewa yawancinsu sun nuna alaƙa tsakanin ƙarfen da rashin lafiya, amma ingancinsu ya yi rauni ƙwarai, ta yadda ba za a iya kafa hukunci a kansu ba.

A nan ne gizo ke saƙa, domin wannan rashin tabbas da ake ta maimaitawa yana da waɗanda suka haddasa shi. Mai bincike ba zai iya kwatanta lafiyar waɗanda ƙurar ta shafa da ta waɗanda ba ta shafa ba sai ya san inda aka harba makamin da yawan abin da aka harba, kuma wannan bayani yana hannun wanda ya yi harbin. A yankin Balkan, NATO ba ta miƙa taswirar wurare 112 da ta harba a Kosobo ba sai a shekarar 2000, bayan Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya nema, kuma da ita ce Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta je ta auna ƙasa da ruwa. Ba ta sami gurɓata mai faɗi ba, sai dai a wuraren da harsasan suka faɗa, amma a Bosniya, bayan shekara bakwai da yaƙin, ta iske ƙarfen a ruwan ƙarƙashin ƙasa da kuma cikin iskar wasu gine-gine, ta kuma lura cewa harsasan da suka nutse cikin ƙasa sun riga sun yi asarar kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu ta hanyar tsatsa, abin da ke nufin suna narkewa suna shiga ƙasar a hankali. Wannan yana da muhimmanci saboda yawancin harsasan da A-10 ke zubowa ba sa samun abin da aka auna, sai su nutse cikin gona ko gefen hanya. A Iraƙi, inda adadin da aka harba ya ninka na Balkan sau da yawa, Birtaniya ta ba da taswirar kimanin tan 1.9 da ta harba a 2003, Amurka kuwa ba ta ba UNEP nata bayanin ba, sai gutsure-gutsure da ƙungiyar PAX ta ƙasar Holan da abokan aikinta suka tono bayan fiye da shekara goma ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai. Ƙasar da ta riƙe taswirar ita ce kuma take cewa babu hujjar cutarwa.

Abin da ya biyo bayan yaƙin 2003 a kudancin Iraƙi ya nuna yadda gubar ke barin fagen daga ta shiga gari. An janyo ƙonannun tankoki da motocin sulke an jibge su a filayen gwangwani da ke gefen unguwanni, 'yan gwangwani suna yanka su da wutar walda ba tare da abin rufe hanci ba, suna sayar wa masu narka ƙarfe ko masu fitar da shi ƙasashen maƙwabta, yara kuma suna hawa kansu suna leƙa ramin da harsashin ya huda, ramin da bakinsa ne ƙurar ta fi taruwa. Hukumomin Iraƙi sun gano wurare fiye da 300 da suka gurɓata. Mutanen Arlit a arewacin Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, sun san irin wannan hanya, domin binciken da ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa da Greenpeace suka yi ya gano gurɓatattun ƙarafa daga ma'adinan ana sayar da su a kasuwar garin, ko da yake nasu daga wurin haƙa ya fito, na Basra kuwa daga bakin bindiga.

Ta fuskar doka, babu wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta ambaci wannan makami ta hana shi, kuma duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa sai a tarar an gina ta ne don wani abu dabam. Ƙa'idojin Hague na 1907 sun hana amfani da guba, amma Kotun Duniya, a ra'ayin da ta bayar a 1996 kan makaman nukiliya, ta ce ƙasashe sun fahimci hanin a matsayin wanda ya shafi makamin da sanya guba shi ne babban aikinsa, alhali babban aikin wannan harsashi huda sulke ne. Ƙarin yarjejeniya ta uku ta Yarjejeniyar Wasu Makamai ta 1980, wadda ta taƙaita makamai masu ƙonawa, ta cire harsasan huda sulke ƙarara daga ma'anarta, ta biyar kuwa, wadda ta ɗora wa ɓangarorin yaƙi nauyin share abin da suka bari, ta tsaya ne a kan abubuwa masu fashewa. Sashe na 35 da na 55 na Ƙarin Yarjejeniyar Jeniba ta Farko ta 1977 sun hana makamin da zai yi wa muhalli ɓarna mai faɗi, mai daɗewa, kuma mai tsanani, amma dole sharuɗɗan uku su haɗu a lokaci guda, abin da ya ɗaga ma'aunin har ya zama da wuya wani makami da ba na nukiliya ba ya kai shi, ga shi kuma Amurka ba ta amince da yarjejeniyar ba. Da irin wannan lissafi ne kwamitin da mai gabatar da ƙara ta kotun tsohuwar Yugoslabiya ta kafa ya ba da shawara a shekarar 2000 cewa kada a buɗe bincike kan NATO a kan wannan batu.

Ƙofar da ta fi sauran buɗuwa ita ce ta wajibcin bambance soja da farar hula da yin taka-tsantsan wajen zaɓen makami, wanda sashe na 51 da na 57 na Ƙarin Yarjejeniyar Jeniba ta Farko suka tanada, kuma a nan masu makamin ne da kansu suka kafa ma'aunin da za a auna su da shi. Hujjarsu kullum ita ce larurar huda sulke, kuma bitar doka da rundunar sojin saman Amurka ta yi a 1975 ta hana harba shi a kan mutane kawai matuƙar akwai wani makamin. Amma bayanan harbin A-10 na 2003, da aka yi nazarinsu a 2016, sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kaɗai na abubuwan da aka auna suke tankoki ko motocin sulke, sauran kuwa ƙananan motoci ne da gine-gine da dakarun ƙasa, har da ginin Ma'aikatar Tsare-tsare a tsakiyar Bagadaza. A Siriya, bayan rundunar ƙawancen da Amurka ke jagoranta ta faɗa a farkon 2015 cewa ba za ta yi amfani da shi ba, Amurka ta amsa daga baya cewa a watan Nuwamba na shekarar ta harba harsasai 5,265 a kan tankokin dakon mai na ƙungiyar IS, motocin da ba su da sulke ko kaɗan. Idan larura ce ta halatta makamin, to a waɗannan wurare larurar ba ta samu ba.

Tun 2007 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yake zartar da ƙuduri a kan batun, wanda ƙasashen 'yan ba-ruwanmu ke gabatarwa, kuma ƙasashe huɗu ne ba sa fashin ƙin amincewa da shi, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Isra'ila, duk da cewa abin da yake nema bai wuce ƙarin bincike da miƙa bayanin wuraren harbi ga ƙasar da abin ya shafa ba. Beljiyom ta hana makamin da dokar cikin gida a 2007, Kosta Rika ta bi sahu a 2011, Iraƙi kuma ta nemi a kafa yarjejeniyar haramta shi a 2014.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa ƙarfen abin gudu ne tana cikin yadda masu shi ke mu'amala da shi idan ya shafe su. Bayan gobarar da ta tashi a rumbun makamai na sansanin Doha a Kuwait cikin Yulin 1991, an daɗe ana aikin share wurin, har a 2008 aka ɗauki kimanin tan 6,700 na gurɓataccen yashi a jirgin ruwa aka kai shi jihar Idaho ta Amurka aka binne a wurin ajiye shara mai haɗari. An rufe wata masana'antar sarrafa shi a Colonie ta jihar New York a 1984 bayan ta gurɓata unguwannin da ke kewaye, kuma fiye da shekara ashirin bayan haka an sami ƙarfen a fitsarin tsoffin ma'aikatanta. Littattafan horon soja suna umartar duk wanda zai shiga motar da aka harba ya sa safar hannu da abin rufe hanci. Kuwait mai arziki ce kuma ƙawa ce, don haka aka kwashe mata yashinta. Iraƙi kuwa ta biya diyyar dala biliyan 52.4 kan mamayar Kuwait, ciki har da ta ɓarnar muhalli, ta kammala a 2022, amma babu wata hukuma da aka kafa domin karɓar ƙorafin manomin Basra.

Masu fafutukar hana makamin suna da nasu laifin a wannan tsaiko. Kiran shi makamin nukiliya, da yaɗa hotunan jarirai masu tawaya ba tare da sanin musabbabin ba, da jingina masa duk wata cuta da ta ɓulla a birnin Falluja na Iraƙi bayan yaƙin 2004, sun ba ma'aikatun tsaro damar ƙaryata abin da aka zuzuta su wuce, ba tare da sun amsa tambayar taswira da shara ba. An ga ƙarshen wannan salo a Maris na 2023, lokacin da Birtaniya ta sanar da cewa za ta ba Yukiren irin waɗannan harsasai tare da tankokin Challenger 2, Shugaba Putin na Rasha ya kwatanta su da makami mai sinadarin nukiliya ya kuma kafa hujja da su wajen sanar da girke makaman nukiliya a Belarus, alhali Rasha ma tana da irinsu a rumbunanta. Amurka ta sanar da tata gudummawar ta harsasan milimita 120 a Satumbar shekarar.

Jiran ranar da kimiyya za ta ƙirga adadin waɗanda ƙarfen ya sa wa cutar daji jira ne da mai yiwuwa ba shi da ƙarshe, tun da an bar shekarun da ya kamata a tattara bayanai sun wuce, kuma doka ba ta buƙatar wannan ƙirga kafin ta yi aiki. Ya isa a ce ƙarfen guba ne, yana daɗewa, kuma akwai madadinsa, domin sojojin Jamus da tangistin suke huda sulke, rundunar ruwan Amurka ma ta koma gare shi a bindigoginta na Phalanx. Daga nan nauyin ya kamata ya koma kan wanda ya zaɓi harba shi, wato ya rubuta inda ya harba da yawansa, ya miƙa wa ƙasar da abin ya shafa cikin ƙayyadadden lokaci, ya kuma ɗauki kaso na kuɗin killacewa da kwashewa da gwajin ruwa, kamar yadda yarjejeniyar makamai masu tarwatsa ƙananan bama-bamai ta 2008 ta ƙarfafa wa wanda ya yi amfani da su ya taimaka wajen sharewa. Ƙa'idoji 27 na kare muhalli a lokacin yaƙi, waɗanda Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta kammala a 2022, sun tanadi musayar bayanai da kawar da ragowar yaƙi mai guba, amma shawara ce da ba ta tilasta wa kowa. Yukiren ta bambanta da Iraƙi ta fuska ɗaya mai amfani, domin sojojinta ne ke harbin a cikin ƙasarta, a kan gonakin alkama da masara da mutanenta za su koma su noma, saboda haka a wannan karon mai riƙe da bayanin harbi da mai buƙatarsa suna ƙarƙashin gwamnati ɗaya, kuma ƙasashen da suka ba da harsasan suna da ikon sanya ajiye wannan bayani ya zama sharaɗin bayarwa.